Me ya sa `i` ba ta canzawa bayan FORALL, amma kuma dole sai an ayyana ta?

Tambayar da aka aiko ta shafi wani gajeren shiri na harshen kwamfuta Fortran. Mai tambayar ya sa `implicit none`, wato umarnin da ke wajabta ayyana nau'in kowane suna, a farkon shirinsa, ya ayyana `integer :: i`, ya ba ta ƙimar 7, sannan ya rubuta `forall (i = 1:10) a(i) = 2*i`. Da ya buga `i` bayan wannan layi sai ya ga 7, alhali ya sa ran ganin 11 kamar yadda ya saba gani bayan madaukin DO. Ganin haka sai ya yanke cewa ayyanawar ba ta da wani amfani, ya goge ta, amma kwamfaila, wato manhajar da ke fassara shiri zuwa harshen na'ura, ta ƙi karɓar shirin, tana cewa `i` ba ta da nau'i. Yana so ya san ko kwamfailar ce ke da matsala, kuma waɗanne dokoki ne suka shafi wannan manuni, wato `i`, a FORALL da kuma DO CONCURRENT.

Kwamfailarka lafiyarta ƙalau, kuma duka abubuwan biyu da ka gani haka kundin ƙa'idar harshen ya tanada. Asalin ruɗanin shi ne kana kallon `i` ɗaya, alhali a shirin naka akwai guda biyu. Wadda ka ayyana a sama ma'ajiya ce ta gaske, tana da gurbinta a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma 7 ɗin da ka zuba mata tana nan. Wadda ke cikin FORALL kuwa takwararta ce kawai: suna ɗaya suka haɗa, amma huruminta yana farawa ne daga kalmar `forall`, ya ƙare a ƙarshen wannan layin, ko a `end forall` idan ginin mai layuka da yawa ne. A cikin wannan hurumi, duk inda aka ambaci `i` ta cikin ake nufi, ta wajen kuma tana ɓoye ba a taɓa ta. Da an fita sai ta cikin ta gushe, ta wajen ta sake bayyana da ƙimar da aka bar ta da ita.

Abin da ya sa ba za ka iya goge ayyanawar ba shi ne, Fortran 95 bai ba mai rubutu hanyar faɗin nau'in manuni a cikin FORALL ɗin kansa ba. Don haka sai ƙa'idar ta ce manunin zai ɗauki nau'in da wannan suna zai samu da a ce ma'ajiya ce ta yau da kullum a sashen shirin da ya kewaye shi, kuma wajibi ne nau'in ya zama cikakkiyar lamba. Idan babu `implicit none`, tsohuwar dokar Fortran ce ke aiki, wadda ta ce duk sunan da ya fara da harafi daga I zuwa N cikakkiyar lamba ne, don haka `i` za ta wuce ba tare da an ayyana ta ba. Da za ka rubuta `forall (p = 1:10)` a irin wannan shiri, kwamfaila za ta ƙi, domin `p` a waccan dokar lamba ce mai ɗigo. Da ka sa `implicit none` ka rufe wannan ƙofa, sai ya rage hanya ɗaya ta sanin nau'in, wato ayyanawar da ka yi a sama. Ke nan daga `i` ta waje, abu biyu kaɗai ta cikin ke ara: nau'i da girmansa. Ba ta aron ƙima, ba ta mayar da ƙima, kuma ba ta gadon wata siffa kamar SAVE ko TARGET ko da ta wajen tana da su.

Wannan tsari ba son rai ba ne, ya samo asali ne daga inda FORALL ya fito. An san shi a Fortran ɗin da kamfanin Thinking Machines ya yi wa na'urarsa Connection Machine, sannan ya shiga High Performance Fortran, wanda wani taron masana da kamfanoni ƙarƙashin jagorancin Ken Kennedy na Jami'ar Rice ya fitar da kundinsa na farko a 1993, daga nan kuma aka ɗauke shi zuwa Fortran 95, wanda hukumar ISO ta wallafa a 1997. Manufar ita ce a rubuta cika jeri ta yadda za a iya raba aikin ga injinan sarrafawa masu yawa a lokaci guda. Idan injina dubu suna aiki tare, wannan yana kan gurbi na 3, wancan yana kan na 850, tambayar "mene ne ƙimar `i` yanzu" ba ta da amsa ɗaya, haka kuma tambayar "wace ƙima ce ta ƙarshe", tunda ba a tsara wanda zai riga wani gamawa ba. Madaukin DO daban yake: manuninsa ma'ajiya ce ta gaske da ake ƙara wa taku bayan kowane zagaye, shi ya sa tun daga Fortran 77 aka tabbatar cewa bayan `do i = 1, 10` ya kammala, `i` tana riƙe da 11.

A gaskiya ma kiran FORALL madauki kuskure ne, duk da kamar da suka yi. Ɗauki jeri `a` mai ƙimomi 1, 2, 3, 4, 5, ka gwada waɗannan biyun:

    forall (i = 2:5) a(i) = a(i-1)

    do i = 2, 5
      a(i) = a(i-1)
    end do

Na biyun zai ba ka 1, 1, 1, 1, 1, domin kowane zagaye yana karanta abin da na bayansa ya rubuta. Na farkon zai ba ka 1, 1, 2, 3, 4. Dalili shi ne ƙa'ida ta wajabta a fara lissafa dukkan abin da ke gefen dama, da dukkan lambobin gurbi na gefen hagu, ga kowace ƙimar manuni, kafin a zuba ko da ɗaya. Daidai yake da rubuta `a(2:5) = a(1:4)`. Manunin FORALL ke nan ba ƙidaya yake yi ba, suna ne da aka laƙaba wa tarin ƙimomi domin a iya bayyana wane gurbi ke karɓar me. Idan ginin yana da layuka da dama, ana gama layin farko ga dukkan ƙimomi kafin a shiga na biyu. Mafi yawan sauran dokokin daga wannan fahimta suke fitowa, kuma wanda ya riƙe ta zai iya hasashen su tun kafin ya buɗe kundin.

Dokar da na fi ganin mutane suna tuntuɓe da ita ita ce ta iyakoki. Mutum yana so ya cika rabin ƙasa na jeri mai layi da ginshiƙi, sai ya rubuta `forall (i = 1:n, j = 1:i) a(i,j) = 0.0`, domin haka ya saba da DO biyu ɗaya cikin ɗaya. Wannan haramun ne a ƙa'ida. Ba a yarda iyaka ko taku na wani manuni ya ambaci wani manunin da ke cikin kan FORALL ɗaya da shi ba. Ana lissafa dukkan iyakokin ne tun farko, ba tare da wani tsari na gaba da baya ba, sannan a haɗa kowace ƙimar `i` da kowace ƙimar `j`. A lokacin da ake lissafa iyakar `j`, manunin `i` bai samu ƙima ba tukuna. Da an bar wannan rubutu ya wuce, da mai karatu ba zai san ko `i` ta ciki ake nufi ko takwararta ta waje mai riƙe da 7 ba. Mafita biyu ce. Ta farko ita ce sharaɗin tacewa, wanda shi an yarda ya ambaci manunai, tunda ana duba shi ne bayan an san ƙimominsu:

    forall (i = 1:n, j = 1:n, j <= i) a(i,j) = 0.0

Ta biyu ita ce a sa FORALL cikin FORALL, domin iyakokin na ciki suna da damar ambaton manunin na waje:

    forall (i = 1:n)
      forall (j = 1:i) a(i,j) = 0.0
    end forall

Ni na fi son ta biyun a irin wannan hali. Idan `n` 1000 ce, ta farkon tana bayyana haɗi 1,000,000 ne sannan ta tace 500,500 daga ciki, kuma ba kowace kwamfaila ke da wayon gane cewa kusan rabin aikin na banza ne ba.

Da ka sa ɗaya cikin ɗaya kuma, ka kula cewa na ciki ba zai sake amfani da sunan manunin na waje ba. Haka nan babu wani layi a cikin ginin da aka yarda ya canza ƙimar manuni. Taku ba zai zama sifili ba, amma zai iya zama lamba mai ragewa, kuma idan iyakokin ba su ba da ko ƙima ɗaya ba, kamar `i = 5:4`, ba kuskure ba ne, babu abin da za a zuba kawai. Adadin ƙimomin ana samun sa ne da lissafi irin na DO: a ɗebe farko daga ƙarshe, a ƙara taku, a raba da taku, idan sakamakon ya gaza sifili a ɗauki sifili. A Fortran 95 da 2003 akwai kuma ƙa'idar suna: in dai akwai wani abu a sashen shirin mai suna ɗaya da manunin, to ya zama ma'ajiya mai ƙima ɗaya ko sunan COMMON, wato rukunin ma'ajiyoyi da sassan shiri ke tarayya a kansu. Ba za ka kira jerinka `k` ko wata tsayayyiyar lamba `k` sannan ka yi `forall (k = 1:n)` ba.

Akwai wata dokar da ta fi waɗannan haɗari, domin kwamfaila ba lallai ta kama maka ita ba. Layi ɗaya a cikin FORALL ba zai zuba ƙima a gurbi ɗaya fiye da sau ɗaya ba. Rubuta `forall (i = 1:n) jimla = jimla + a(i)` ya saɓa wa wannan a fili, kuma aikin SUM, mai tara jimlar jeri, ne tun asali. Wanda ke ɓoyewa shi ne irin `forall (i = 1:n) b(k(i)) = a(i)`. Wannan halal ne muddin babu ƙima biyu iri ɗaya a cikin `k`, amma `k` sau da yawa daga fayil ake karanto shi lokacin da shirin ke gudana, don haka babu yadda za a yi kwamfaila ta sani tun da wuri. Idan aka samu maimaici, shirin ya fita daga ƙa'ida, kuma abin da zai fito yana iya bambanta daga na'ura zuwa na'ura, ko ma daga matakin inganta gudu zuwa wani a kan na'ura ɗaya. Nauyin tabbatar da hakan a wuyan mai rubutu yake. Saboda irin wannan dalili ne kuma aka ce duk aikin da za a kira a cikin FORALL, har da cikin sharaɗin tacewa, sai ya zama PURE, wato wanda ba ya taɓa komai a ɓoye.

Batun aron nau'i yana da wani gefe da ba a cika lura da shi ba, wato girman lambar. Iyakoki da taku ana mayar da su ne zuwa nau'in manunin. Idan wani ya ayyana `i` a matsayin `integer(int8)` saboda wata buƙata daban a sama, mafi girman abin da za ta ɗauka 127 ne, kuma `forall (i = 1:200)` ba zai yi abin da ake so ba, duk da cewa `i` ta wajen ba ta shiga aikin. A ɗaya ɓangaren, cikakkiyar lamba ta yau da kullum a yawancin kwamfailoli tana tsayawa ne a 2,147,483,647. Idan `i` da `j` kowace tana kaiwa 50,000 kuma gefen dama yana da `i*j`, sakamakon zai kai 2,500,000,000, ya zarce iyaka, ko da jerin da ake zubawa a ciki na manyan lambobi ne. Layin da ke janyo wannan matsala yana iya kasancewa ayyanawar da ke nesa da FORALL ɗin da layi ɗari uku, kuma wannan nisa shi ne ainihin aibin tsarin Fortran 95.

Fortran 2008 ya gyara wannan aibi, kuma gyaran shi ne amsa kai tsaye ga ƙorafinka. Ya ba da damar faɗin nau'in a cikin kan ginin:

    forall (integer :: i = 1:10) a(i) = 2*i

    do concurrent (integer(int64) :: i = 1:n, j = 1:m)
      c(i,j) = i*j
    end do

Da wannan rubutu ba a buƙatar wata `i` a waje, ko da akwai `implicit none`, kuma nau'in da aka faɗa ya shafi dukkan manunan da ke cikin kan. Sai dai kwamfailoli ba su karɓi wannan salo a lokaci ɗaya ba. Gfortran, kwamfailar Fortran ta GNU, musamman ya shafe shekaru yana ƙin sa bayan ya riga ya karɓi DO CONCURRENT ɗin kansa. Idan wanda ke hannunka ya ƙi, ginin BLOCK, wanda shi ma Fortran 2008 ya kawo, zai yi maka kusan aikin: ka buɗe `block`, ka ayyana `integer :: i` a ciki, ka rubuta madaukin, ka rufe da `end block`. Ayyanawar tana nan daf da inda ake buƙatarta, kuma babu wata `i` da za ta rage a waje ta ruɗi mai karatu.

DO CONCURRENT ya gaji kan FORALL kusan baki ɗaya. Manuninsa shi ma takwara ne mai hurumin ginin kaɗai, iyakokinsa ba sa ambaton juna, ba a canza ƙimarsa a ciki, kuma miƙa shi ga wani aiki a gurbin INTENT(OUT) ko INTENT(INOUT), wato gurbin da aikin ke da izinin rubutawa, canzawa ce. Amma ma'anar jikin ta sha bamban, kuma a nan ne masu mayar da tsohon shiri suke yin ɓarna ba su sani ba. A DO CONCURRENT babu alkawarin lissafa gefen dama gaba ɗaya kafin zubawa. Mai rubutu ne ke yi wa kwamfaila alkawari cewa zagayen ba su dogara da juna ba: duk ma'ajiyar da wani zagaye ya karanta, ko dai shi ya fara rubuta ta a cikin wannan zagayen, ko kuma babu wani zagayen da ke canza ta. Misalinmu na `a(i) = a(i-1)` halal ne a FORALL, kuma yana da amsa ɗaya tabbatacciya, amma haramun ne a DO CONCURRENT, domin zagaye na 3 yana karanta gurbin da zagaye na 2 ke rubutawa. Kwamfaila za ta iya karɓarsa shiru, ya ba da amsa mai kama da daidai a kan inji ɗaya, ya ba da wata dabam ranar da aka raba aikin. Don haka ba a mayar da FORALL zuwa DO CONCURRENT ta hanyar sauya kalma kawai; sai an duba kowane layi an ga ko jerin da ake rubutawa yana bayyana a gefen dama da wata lambar gurbi dabam.

Na taɓa gyara wa wani ɗalibi shirin da ya faɗa tarkon da ya fi kusa da tambayarka. Asalin shirin yana da DO da ke cika jeri daga 1 zuwa `n`, sai layin da ke biye ya rubuta `a(i) = 0.0`, yana dogaro da cewa `i` ta zama `n+1`, domin ya sa alamar ƙarshe. Da aka mayar da madaukin DO CONCURRENT, `i` ta wajen ta ci gaba da riƙe ƙimar da wani madauki na can baya ya bar mata, sifilin ya faɗa tsakiyar bayanan, kuma babu gargaɗi ko ɗaya, tunda a ƙa'ida shirin bai yi laifi ba. Kwana biyu ya yi yana zargin lissafinsa. Kafin ka sauya kowane DO, ka bi sunan manunin zuwa ƙasa ka ga ko akwai inda aka karanta shi kafin a sake ba shi ƙima. Madaukin nema mai fita da EXIT domin a yi amfani da `i` daga baya kuwa ba ya mayuwa sam, domin ba a yarda a fice daga DO CONCURRENT da EXIT ba. FINDLOC ko MAXLOC, masu nemo gurbin wata ƙima a jeri, su ne suka dace da wannan aiki.

Wani abin da ke ƙara ruɗa mutane shi ne, Fortran yana da wasu ƙananan madaukai na cikin layi, kuma ba dukkansu ke bin doka ɗaya ba. A wajen gina jeri, kamar `[(i*i, i = 1, 10)]`, da kuma a cikin DATA, manunin takwara ne irin na FORALL, ta wajen ba ta motsi, kuma Fortran 2018 ya ba da damar faɗin nau'insa a wurin. Amma a `write(*,*) (a(i), i = 1, 10)` manunin ita ce `i` ta gaske, kuma bayan layin ƙimarta ta canza. Rubutun kusan iri ɗaya ne a ido, hukuncinsu kuwa daban.

Game da wanda ya kamata ka zaɓa a sabon shiri, kwamitin harshen ya riga ya nuna alƙibla: Fortran 2018 ya sa FORALL cikin abubuwan da ake shirin yin ritaya da su, kuma gfortran zai gargaɗe ka idan ka haɗa da `-std=f2018`. Dalilin yana komawa ga wancan alkawari na lissafa dama kafin hagu. Duk lokacin da kwamfaila ta kasa tabbatar da cewa gefen biyu ba sa cin karo, dole ta ƙirƙiri jeri na wucin gadi ta kwafe komai, ga kuma jira tsakanin kowane layi da na gaba, har ya zama abin da aka ƙirƙira domin sauri yakan fi DO na gargajiya nawa. DO CONCURRENT kuwa ya ci gaba da samun ƙari: Fortran 2018 ya kawo LOCAL, LOCAL_INIT, SHARED da DEFAULT(NONE) domin a faɗi wace ma'ajiya ce ta kowane zagaye, wace ce ta kowa, Fortran 2023 ya ƙara REDUCE domin irin tara jimlar da na ambata, kuma nvfortran na kamfanin NVIDIA yana iya tura shi kan katin zane da `-stdpar`. Idan ka fara amfani da waɗannan, kada ka sa manunin a cikin LOCAL ko SHARED, ƙa'ida ta hana, domin shi tun asali na kowane zagaye ne. Haka kuma ma'ajiyar da ta bayyana a iyaka, ko taku, ko sharaɗin tacewa, kamar `n` a misalan nan, ba za ta shiga LOCAL na wannan madaukin ba, tunda ana buƙatar ƙimarta ta waje kafin zagaye ko ɗaya ya fara.